Manhajojin kyauta da na gwada a tsohuwar kwamfutata

Wata shida ke nan ina koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a tsohuwar laftof ɗin da yayana ya bar mini, mai RAM giga 4 kacal. Ko sisi ban kashe wajen sayen manhaja ba, alhamdulillahi.

Da VS Code, manhajar rubuta lambar shiri (code), na fara, wadda Microsoft ta fitar a 2015, don kowa ita yake yabo. Gaskiya ta cancanci yabon, kafin ka gama rubuta kalma ta kawo maka ƙarashenta, ga Git, mai adana tarihin canje-canjen da ka yi wa aikinka, a cikinta. Sai dai an gina ta a kan Electron, wato kamar burauza ce guda kake buɗewa, kuma na'urata ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan kaya. Na haɗa ta da Chrome sai fanka ta hau kuka, batir ya zube kafin a dawo da wuta.

Daga nan na koma Thonny, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu da ke Estoniya domin masu koyo. Ita ce ta buɗe mini ido. Tana bin lambar layi bayan layi, kana kallon yadda ƙimar kowane abu ke canzawa. Abin da na yi mako biyu ban gane ba game da madauki (loop, wato maimaita umarni sau da yawa), a zama ɗaya ya shige ni.

Vim kuwa, manhajar rubutu da ake sarrafawa da umarnin kibod, na taɓa ta sau biyu, na ajiye sai hannuna ya ƙara nuna.

Yanzu Thonny nake riƙe da ita, dare kuma in babu wuta na ci gaba da Termux, manhajar da ke ba ni damar gudanar da Python a waya.