Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Husufin da Hadari Ya Rufe

Makon jiya na tsaya a inda Yaya ya shigo da madubin hangen taurari a kwali, ya dire shi a ɗakina, ya ce tunda ni ne malamin labarin ƙasa ni zan harhaɗa. Ba don komai ya saye shi ba sai don husufin wata na ranar Juma'a, 27 ga Yulin 2018, wanda aka yi ta shelar cewa a duk ƙarnin nan babu wanda zai kai shi daɗewa: awa 1 da minti 43 wata yana cikin inuwar duniya gaba ɗayansa.

Tun da wuri na rubuta lokutan a takarda na manna a bango. Ƙarfe 6:24 na yamma agogon GMT inuwa za ta fara cin gefen wata, 7:30 ta rufe shi ruf, 9:13 ya fara leƙowa, 10:19 ya fita fes. Autata, wadda a lokacin take aji huɗu na firamare, ta haddace su tsaf har tana yi wa ƙawayenta bita. Masu iya magana sun ce rana ba ta ƙarya, kuma a lissafin taurari ko minti ba ya ƙarya. Gajimare ne kawai ba ya shiga lissafin kowa.

Tun la'asar hadari ya fara haɗowa, kuma bai zaɓi ko'ina ba sai gabas, daidai inda wata zai ɓullo. Duk da haka muka hau saman bene mu uku. Yaya ya kafa madubinsa, ya ɗaure nan ya kwance can, yana ɗaga kai yana tsaki.

"Abba, ina watan?" in ji Auta.

"Yana nan. Kin ga wurin can da ya fi ko'ina haske? Yana bayansa."

Wannan wuri mai haske shi ne abin da muka kalla kusan duk daren, kuma har yau ina ganin ba a yi masa adalci idan ana ba da labarin husufi. Cikakken wata ba ya ɓacewa don gajimare ya rufe shi, sai dai haskensa ya bazu, kamar fitila a bayan labule. Da farko muna iya bambance gajimaren da ke ƙasa da wanda ke sama, muna ganin gefensu fari-fari, muna ganin fuskokin juna. Wurin da muke babu fitilu da yawa, saboda haka duk ɗan hasken da ke kanmu na watan ne. Da lokaci ya ja sai farin ya fara dusashewa, ba a gefe ɗaya ba, a sararin gaba ɗaya. Gajimaren da ke da siffa ya zama dunƙule guda. Auta ta riƙe agogona tana ƙirga mana, kuma kafin ta ce bakwai da rabi ta cika, wurin da muke nunawa da yatsa ya ɓace, ba wanda zai iya cewa ga inda watan yake. Hasken wata yana raguwa ninki dubbai idan ya shige inuwa gaba ɗaya. Wanda ya samu sarari garau hankalinsa yana kan jan watan, da wuya ya lura da yawan hasken da aka ɗauke. Mu da aka hana mu watan, raguwar hasken muka gani.

Yaya bai yarda da wannan magana ba, kuma har gobe bai yarda ba.

"Malam, duhu ka tara mu mu kalla? Duhu ai akwai shi a ɗaki."

Na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri, muna da kusan awa biyu. Ko wane irin hadari ne yana da ɓaraka."

Ya tambaye ni me ya sa wannan ya fi sauran tsawo, ina jin don ya rage zafin jira ne. Dalili biyu ne suka haɗu. Watan ya ratsa kusan ta tsakiyar inuwar, inda ta fi faɗi, ba ta gefe ba. Sannan a ranar yana can ƙarshen nisansa da duniya, wajen kilomita 406,000, kuma idan ya yi nisa haka tafiyarsa tana raguwa. Hanya ta yi tsawo, matafiyi kuma ba ya sauri. Auta ta sako tata: tunda duk wata sai ya cika, me ya hana a yi husufi duk wata? Na ji daɗin tambayar fiye da yadda na nuna. Hanyar da wata ke bi ta karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi tana zagaya rana, don haka yawancin lokuta ta saman inuwar yake wucewa ko ta ƙasanta. Sai an dace cikarsa ta zo yana kusa da mahaɗar hanyoyin biyu.

Muna cikin haka iska ta taso, gajimaren ya tsage.

Auta ce ta fara gani. "Baffa! Baffa, ga shi!" Ja ne mai duhu, tsakiyarsa ta fi gefe duhu, kuma ya yi ƙanƙanta fiye da yadda na zata. Kusa da shi ga wani ɗigo ja mai ƙyalli, wanda a daren ya fi watan ɗaukar ido. Duniyar Mars ce, wadda a makon ta matso kusa da mu fiye da kowane lokaci tun 2003. Yaya ya duƙa kan madubinsa yana juya shi hagu da dama yana neman watan. Kafin ya kamo shi ɓarakar ta rufe. Mu da ba mu da komai sai ido mun gani, shi mai kayan aiki ƙarfe ya gani.

Ra'ayina tun daga ranar, a daren hadari ido ya fi madubi. Madubi ɗan yanki kaɗan yake nuna maka, ido kuwa yana tsaron sararin duka, duk inda aka buɗe zai kai. Kuma husufin wata ba irin na rana ba ne, ba ya cutar da ido, ba ya buƙatar wani tabarau.

Jan da muka gani hasken rana ne da ya ratso ta iskar da ke kewaye da duniya. Iskar tana watsar da shuɗin haske, ta lanƙwasa jan ta jefa shi cikin inuwar, shi ya sa watan ba ya baƙi ƙirin. Irin jan da ake gani a gefen sama lokacin fitowar rana da faɗuwarta ne, na kewayen duniya duka, ya taru a fuskar wata. Shi ya sa launin ba ya zama iri ɗaya kullum: idan sama ta cika da ƙura ko toka sai ya yi duhu. Bayan dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a 1991, husufin Disambar 1992 ya yi duhun da watan ya kusa ɓacewa ko ga waɗanda ba su da gajimare ko ɗaya. Na faɗa wa Yaya wannan don in sanyaya masa rai. Ya ce aƙalla su dutse ne ya cuce su.

Ɓarakar ta sake buɗewa can gaba, lokacin da farin haske ya fara dawowa a gefe ɗaya, kuma a wannan karon Yaya ya ajiye madubin ya kalla da idonsa. Bai ce komai ba, amma bai yi tsaki ba. Na gaya musu husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da 'yan awoyi, ɗan'uwan wannan ya zo a 16 ga Yulin 2000, na gaba kuma zai zo a 7 ga Agustan 2036. Auta ta yi lissafi da yatsu ta ce a lokacin ita za ta sayi nata madubin, kuma ba za ta ara wa Baffa ba sai ya koyi saiti.

Yayyafi ne ya kore mu. Muna saukowa da madubin, ni a gaba shi a baya, Yaya ya ce in riƙe shi a wurina, domin inda zai koma da aiki ba zai iya tafiya da shi ba. Ranar na fara jin maganar tafiyar tasa, kuma ko Umma ba ta sani ba tukuna. Yadda muka sanar da ita, da abin da ta ce, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.