Kaset ɗin Yaya a Hanyar Agadas

Tun daren da aka ce surukata za ta bi mu a mota na san kiɗana ya shiga uku. Na yi wata biyu ina ɗokin wannan hanya, kilomita wajen 450 daga Damagaram zuwa Agadas, ni da sitiyari da kaset ɗina, sai ga uwargida tana sanar da ni a kan tabarma cewa Inna ba za ta iya zaman babbar motar haya ba saboda ƙafarta. Me zan ce? Bikin ɗanta ne, ƙanen uwargida, wanda aiki ya kai Agadas ya samo mata a can. Na ce to, Allah ya kai mu.

Bayan sallar asuba muka ɗaure kaya: akwatin lefe biyu, buhun gero, kwandon goro, da jarkar ruwa. Inna a gaba saboda ta miƙe ƙafa, uwargida a baya da ɗiyarmu mai shekara 15 da autanmu mai shekara 9. Kaset ɗin suna cikin wani tsohon gwangwanin madara a ƙarƙashin kujerata, ba wanda ya san da su sai uwargida, ita kuma ta riga ta yi mini kallon da na gane.

Na yayana ne, Allah ya jiƙan sa. A Arlit ya yi aiki, wajen haƙar yuraniyom, kuma duk zuwan da ya yi gida sai ya kawo wani abu da garinmu bai taɓa gani ba. A 1987 ya zo da rakoda da kaset huɗu. Ina da shekara 12 lokacin. Ya sa mini Dire Straits, mutanen Ingila, sannan ya sa Jimi Hendrix, ya ce wannan baƙar fata ne ɗan Amurka, bahago ne, ya mutu a 1970 yana da shekara 27. Ban ji ko kalma ɗaya ta abin da suke faɗa ba, kuma har yau turancina bai kai ya kawo ba. Jitar ce ta kama ni, yadda waya ɗaya za ta yi ta kuka kamar an taka wutsiyar wani abu, sannan ta sauko ta lallashe ka. Yanzu ga ni da furfura, malamin makaranta, mutane na gaishe ni a masallaci, amma idan gida ya yi shiru na kan rufe ƙofar ɗaki in saki kiɗan rok. Ɗiyata ta sa masa suna "faɗan tukwane".

Har Tanut ba a ji komai a motar ba sai carbin Inna da gardamar yara kan wa ya danne wa. Ƙarshen damina ne, ƙasar Damargu ta yi kore, gero ya fitar da kai. A Tanut muka sha fura, auta ya ɓare rabin tasa a kan zanen uwarsa, aka yi ƴar hayaniya aka wuce. Daga nan gonaki suka fara ja da baya, fili ya buɗe, sai garken shanu masu dogayen ƙaho da raƙuma, wasu sun nufi Ingal inda makiyaya ke taruwa lasar gishiri a watan Satumba. Inda kwalta ta ci, sai ka sauka gefe ka bi sawun waɗanda suka riga ka.

Bayan azahar, rana ta take, kowa a baya ya yi barci. Ni ma idona ya fara nauyi. Sau biyu ina gyara zama. Sai Inna, wadda na ɗauka ta daɗe da tafiya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Malam, sa abin nan naka mai ƙara, kada ka zubar da mu." Kunya ta rufe ni. Ashe duk shekarun nan da take zuwa gidanmu tana ji ta bayan ƙofa. Na laluba gwangwani, na tura kaset. Muka wuce Adarbisanat da jitar mutanen Ingila, surukata na gefe tana jan carbi, ba ta ce uffan ba. Da kaset ya ƙare dai ta ce, "Shi wannan ba ya gajiya ne?"

Da la'asar sakaliya muka hango hasumiyar babban masallacin Agadas. Na sha ganin ta a hoto, amma hoto bai faɗa maka cewa duk inda ka juya a tsohon gari tana kallon ka. Ginin ƙasa ce zalla, tsawonta mita 27, da itatuwa a soke a jikinta kamar ƙayar bushiya, waɗanda magina ke takawa idan za a yi yaɓe. An gina ta a 1515, aka sake ta a 1844, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Washegari na hau ta tare da yara. Matakalar tana ƙara matsewa kana hawa, ga warin jemage, ga duhu. Auta ya kai sama yana ihu, ni kuwa na isa ina haki kamar wanda ya yi dambe. Daga can ana ganin fadar Sarkin Abzin a ƙasa, da rufin soraye, da duwatsu can nesa ta arewa. Ta wannan garin yayana ya riƙa wucewa zuwa Arlit, kuma bai taɓa ce mini ya hau ba.

Kwana biyun farko na hidima ne irin wadda kowa ya sani: gaishe-gaishe, kai lefe, ɗaurin aure, ƙorafin wadda ba a ba ta goro ba. Dangin amarya Abzinawa ne, amma Hausa ake yi a tsakar gida, Hausar Agadas mai nata lanƙwasa. Sun cika mu da cuku da dabino da shayi, har uwargida ta fara lissafin abin da za mu rama idan sun zo Damagaram.

Daren na uku aka ce akwai jita. Na ɗauka wani ɗan wasa ne na samari. Sai na tarar an tare titi da tabarmi da darduma, an tada injin wuta, an jera lasifika a kan benci. Samari huɗu da rawani, biyu da jitar lantarki, ɗaya da mai kaurin murya, ɗaya a kan ganguna. Da suka fara, tsigar jikina ta tashi. Wannan ai rok ne, da ƙararsa da kukansa, sai dai tafiyarsa ta raƙumi ce, jimla ɗaya ana juya ta ana ƙara mata wuta, mata na tafi suna rangaɗa guɗa, ana fitowa fili biyu-biyu ana taka rawa ana liƙi. Ba wanda ya rufe ƙofa. Tsofaffi na zaune a gaba.

Wani kawun amarya da ya ga bakina a buɗe ya matso da butar shayinsa ya ba ni labari. Ya ce kiɗan ya fito ne daga samarinsu da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya, irin su ƙungiyar makaɗan Tinariwen ta Mali, kuma a lokacin tawayen Abzinawa na 2007 jitar nan ta zama abin tsoro, har Bombino, makaɗin jita ɗan yankin nan, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Da ƙura ta lafa ya dawo ya yi wasa a gindin masallacin nan a farkon 2010, da yardar Sarki. Na ce masa ni Hendrix da Dire Straits na taso ina ji. Ya yi dariya ya ce ai su ma waɗannan yaran abin da suka koya da shi ke nan, daga kaset zuwa memorin waya. Ya ƙara da labarin Mdou Moctar, shi ma bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke saboda gidansu ba a yarda da kiɗa ba. Auta na jingine da ni yana saurare, ban kula ba.

Can na hango ɗiyata cikin ƴan mata tana tafi, ita mai faɗan tukwane. Da muka haɗa ido ta kau da kai. A hanyar komawa masauki na tambaye ta, ta ce, "Baba, wannan ai daban ne, ana iya rawa da shi." Inna kuwa, da safe, cewa ta yi yaran sun fi nawa iyawa, don su aƙalla sun san inda za su tsaya. Ban yi musu ba, duk da ban yarda ba.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Taya ta fashe kafin Tanut, muka yi awa biyu a rana, kuma rakodar motar ta cinye ɗaya daga cikin kaset huɗun, na Hendrix. Na zaro zaren a hankali na naɗe shi da biro, na liƙe da ɗan salatif, ya koma yana yi amma da wata ƴar shaƙewa a tsakiya. Muka iso gida bayan isha, tsakar gida cike da ganye, akuyar maƙwabta ta cinye zogalen uwargida.

Ranar Litinin na fito da kekena zan je kasuwa, na kama birki na ji hannuna ya tafi fayau. Na zagaya bayan ɗaki na tarar da auta a tsugune da katakon tsohon benci, da gwangwanin madarar nan ya juye kaset ɗin a ƙasa, yana ƙoƙarin ɗaure wayar birkin a jikin ƙusa.