An ce halina kore ne

Ina wata na huɗu a Jidda, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito ke nan, hankalina ya fara kwanciya, sai shugabar ma'aikatan jinya ta sashenmu, wata 'yar Filifin, ta turo mana saƙo a WhatsApp. Wai kowa ya cike wani gwajin sanin hali kafin Alhamis, sunansa DISC. Da dare na buɗe shi a ɗakin da muke kwana mu uku, na'urar sanyi tana ta gurnani, abokan kwanana sun riga sun yi barci.

Kalmomi ne huɗu-huɗu. A kowane rukuni sai ka zaɓi wadda ta fi kama da kai da wadda ta fi nisa da kai: mai ƙarfin hali, mai jan ra'ayin mutane, mai haƙuri, mai bin ƙa'ida. Yatsana ya kasa taɓa ta farkon. A Funtuwa na tashi, a gidan da tun kana yaro ake faɗa maka yabon kai jahilci ne. Na daɗe ina riƙe da ɗakin gaggawa a wani asibiti a gida. Duk ranar da aka kwaso mutane daga haɗarin mota, ni ke raba wa kowa aiki, babu mai musa mini. Amma in buɗe baki in ce ni mai ƙarfin hali ne? Wannan wasu ne za su faɗa a bayan idona. Haka na yi ta zaɓar haƙuri har na kai ƙarshe.

Sakamakon ya fito da harafin S da launin kore. Mai natsuwa ne, ba ya son jayayya, ya fi dacewa da taimaka wa wani a kan ya ja gaba.

Daga baya na bi diddigin abin. Tushensa wani Ba'amurke ne masanin halayyar ɗan Adam, William Marston, wanda a 1928 ya kasa halin mutane gida huɗu: mai son iko, mai jan mutane, mai miƙa wuya (wanda daga baya aka mayar mai natsuwa), da mai bin doka. Ba shi ya tsara tambayoyin ba, wasu ne suka gina su a kan ra'ayinsa bayan shekaru. Akwai ɗan'uwansa MBTI, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka haɗa bisa tunanin Carl Jung, shi kuma gida 16 ya kasa mutane. Wata abokiyar aikina Kirista ta ce mini a cocinsu na gida ma ana ba mutane irin wannan, don a san wa zai tsaya ƙofa yana tarbar baƙi, wa zai koyar da yara, wa zai riƙe lissafi. Ban ga laifin haka ba, tunda can sun san juna, takardar ƙari ce kawai. Ni kuwa babu wanda ya san ni. Takardar ce ta riga ni magana.

Na kuwa gani a jikina. Majinyaci mai faɗa, a turo mini, ai kore ne. Aikin dare ya yi gardama, a sa sunana. Da aka zo zaɓen wanda zai riƙe sashe idan shugaba ba ta nan, ko ambatona ba a yi ba. Sunkuyar da kan da nake yi gaban manyan likitoci, wanda a wurinmu ladabi ne, suka ɗauke shi tsoro. Kara da kawaici ba su da gurbi a cikin gida huɗun nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, masu MBTI da kansu sun ce kada a yi amfani da nasu wajen ɗaukar aiki ko ƙarin girma, amma wanda ya gaji da tunani sai ya ga harafi ɗaya ya ishe shi.

Ba zan ce ban amfana ba. Akwai wani likita Bamisire da nake ganin ya tsane ni, don ina fara gaisuwa sai ya katse ni. Da na ga launin nasa sakamakon ja ne, wato na mai son iko, na daina doguwar shimfiɗa: sunan majinyaci, bugun jini, abin da nake so. Muka shirya.

Ranar Juma'a da yamma, da yake hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, nakan je gidan wani dattijo Bahaushe haifaffen nan. Kakansa a ƙafa ya taho aikin Hajji ta Sudan, ya ƙetare teku daga Sawakin, bai koma ba. Da yana zaune a Karantina kafin a rushe unguwar. Hausarsa gauraye take da Larabci, amma tsiren da yake sa a gasa mana, wanda Larabawan nan suke kira sere, ƙuli-ƙulinsa da yajinsa na gida ne sak. Mu wajen goma muke adashe a wurinsa. Da mai riƙe mana kuɗi zai koma gida, ni na kawo shawarar a yi gwajin nan a ga wa ya dace.

Baba ya ajiye finjalin gahawa ya ce, "Ɗana, ka san abin da Sayyadina Umar ya tambayi mutumin da ya zo ba da shaidar wani?"

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, a tuna mini."

"Ya ce maƙwabcinka ne? Kun yi tafiya tare? Kuɗi ya taɓa haɗa ku? Da ya ce a'a, sai ya ce to ba ka san shi ba." Ya dube ni. "Kai kuwa wata uku ina kallonka. Ranar da yaron nan ya faɗi a tsakar gida kowa ya ruɗe, wa ya daka mana tsawa ya ce a ba shi iska? Kai za ka riƙe."

Ya tura mini littafin adashen, bangonsa duk ya yi laushi don tsufa.

Ranar Lahadi na sami shugabarmu a ofis. Ban sunkuyar da kai ba. Na zayyana mata aikin da na yi a gida, na ce mata a wurinmu mutum ba ya faɗin ƙarfinsa da bakinsa, shi ya sa na amsa yadda na amsa. Ta yi shiru, sannan ta ce a garinsu ma akwai irin wannan kunyar, ba ta dai kawo ta a kaina ba. Da lokacin Umrar azumi ya zo aka fara kawo mana tsofaffi daga Kano da Maraɗi waɗanda ba sa jin Larabci ko Turanci, ta ba ni ragamar ɗakin da ake karɓarsu, da ma'aikata huɗu a ƙarƙashina. Ta farko da aka shigo da ita wata gyatuma ce da zafi ya kayar. Na ce, "Sannu Hajiya, ina ke miki ciwo?" Ta damƙe hannuna ta ƙi saki har aka gama sa mata ƙarin ruwa.