Tarihin Rayuwata, kashi na 17: Ƙofofin da ke bayan ƙofar Dang

Makon jiya na tsaya a shekarun da aka ɗora mini aikin duba takardun ɗaliban ajin ƙarshe. Yau zan jingine labarin kaina, domin sakamakon bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ya kusa fitowa, kuma tambayar da iyaye ke kawowa har zaure guda ce: "Malam, yaron nan ina za mu kai shi?" Amsar da suke jira ita ce Dang. To amma Dang ba makaranta ɗaya ba ce, kuma nan ne yawancinmu ke yin tuntuɓe.

Jami'ar Ngaundere, a jihar Adamawa ta Kamaru, ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, tana Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari a kan hanyar Garwa. Ƙofar shiga ɗaya ce, amma a ciki akwai gida iri biyu: fakulte da manyan makarantun sana'a. Bambancinsu ya fi na kasuwa da shago.

Fakulte ita ce kasuwa. Akwai ta kimiyya, ta shari'a da siyasa, ta tattalin arziki da gudanarwa, ta adabi da tarihi, da ta ilimin koyarwa. Ba a yin konkur, wato jarrabawar gasar shiga, takardu kawai ake dubawa. Yaro ya yi rijistar farko ta intanet, ya kai dosiye, wato takardunsa na neman shiga, in an karɓe shi ya biya sefa 50,000 a shekara, ana iya biya kashi biyu. Lisans, wato digiri na farko, shekara 3 ce, mastar 2 a kanta. Arha kam akwai, sai dai arhar ce ke cinye yara. A shekarar farko ɗakin lacca cike yake maƙil, wanda bai zo da sassafe ba sai dai ya ji muryar malami daga taga, littafi a kan gwiwa. Ba mai kiran suna, ba mai tambayar me ya hana ka zuwa jiya. Ana ba da maki bisa 20, kowane zango yana da kiredi 30 da ɗalibi ke tarawa in ya ci darussa, shekara 60, lisans 180. A mafi yawan darussa gwajin tsakiyar zango kaso 30 ne cikin ɗari, babbar jarrabawa 70. Yaron da ya raina ƙaramin gwajin saboda ya tafi gida biki ya riga ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Akwai ratarapaj, wato damar sake zana jarrabawar da aka faɗi, amma darussan da aka kasa suna bin ɗalibi kamar bashi, kuma mai bashin shekarar farko da ta biyu ba zai ga takardar lisans ba ko da ya zauna ajin shekara ta uku.

Manyan makarantun su ne shago, kowane da abin da yake sayarwa, kuma da konkur ake shiga. IUT, makarantar fasaha ta jami'ar, tana ɗaukar mai bak, shekara 2 ya fito da diflomar DUT a fannin kwamfuta, gyaran injinan masana'antu, ko sarrafa abinci da aikin laburatari, in ya so ya ƙara shekara guda ya sami lisans ta sana'a. ENSAI injiniyoyi take yayewa, na masana'antar abinci, na kula da injina, da na sinadarai da muhalli, karatun shekara 3, amma ba ta ɗaukar ɗanyen bak a wannan matakin, sai wanda ya riga ya yi aƙalla shekara biyu ta jami'a. Shi ya sa hanyar da ta fi miƙewa ita ce IUT ko fakulten kimiyya tukuna, sannan konkur na ENSAI. ESMV ta likitancin dabbobi ce, karatu mai tsawo, wajen shekara 6. A jihar da dukiyarta shanu ne, ga cibiyar binciken kiwo ta Wakwa a gefen gari, ina mamakin yadda 'ya'yan masu garke ke wuce ta su tafi shari'a. Sai EGEM ta ilimin duwatsu da haƙar ma'adinai, wadda ba a Dang take ba, tana Maiganga, don haka mai ita ya shirya wani masaukin daban.

Ni dai in an ba ni yaro mai bak C ko D, wato na kimiyya, wanda hannunsa ke son aiki, IUT nake fara nuna masa. Aji ƙarami ne, ana kiran suna, akwai aikin hannu, kuma estaj, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata, dole ne kafin a gama. Amma a yi dabara: a yi rijistar fakulte a lokaci guda da neman konkur. Da yawa sukan zuba ido ga konkur ɗaya, sakamako ya fito babu sunansu, su waiwayo an rufe rijistar fakulte, shekara ta tafi a banza. Mai bak A, na adabi, kuwa ƙofofin nan na injiniya a rufe suke gare shi tun ranar da ya zaɓi sashensa a lise, wato sakandare, sai shari'a, adabi, ko ilimin koyarwa.

Abu biyu ne babu su a jihar nan. Makarantar likitan mutane tana Garwa, wadda ta sami jami'arta a 2022, kuma shigarta da jarrabawa ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya. ENS mai horar da malaman lise sai a je Marwa, Bertuwa ko Yawunde. Fakulten ilimin koyarwa ta Dang ba ita ce ENS ba, kada a ruɗe.

Sai makarantu masu zaman kansu da ke cikin gari, masu shirya ɗalibi BTS, diflomar sana'a, a shekara 2. Amfaninsu a fili yake, musamman ga 'ya mace da iyaye ba sa son ta kwana a Dang, ko mai shago da ke son karatun yamma. Kuɗinsu ya ninka na gwamnati sau da yawa. Kafin a biya ko dala, uba ya je da ƙafarsa ya ce a nuna masa takardar izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, kuma ya duba ko fannin da ɗansa zai karanta yana cikin waɗanda aka rubuta a izinin, domin makaranta kan sami izinin lissafin kuɗi ta buɗe ajin kiwon lafiya. BTS jarrabawar ƙasa ce, makaranta ba ta bayar da ita. In sun ce suna ba da lisans, a tambayi wace jami'ar gwamnati ce ke sa hannu a kai. In aka fara inda-inda, Alhaji ya ɗauki hularsa.

Maganar kuɗi kuma, jaka hamsin ɗin nan ita ce mafi sauƙi a lissafin. Ɗakin haya a minisite, wato gidajen hayar ɗalibai, na Bini ko Dang galibi kuɗin shekara ake nema gaba ɗaya. Ga katifa, ga gas, ga fotokopi da ba ya ƙarewa, ga bargo don sanyin tudun nan ba ya wasa da ɗan Marwa. Wanda ya ce zai riƙa zuwa daga gida kullum ya lissafa kuɗin taksi zuwa da dawowa na wata tara, da laccar safe da ruwan sama zai sa ya rasa. Ɗaliban Cadi, waɗanda suke da yawa a Dang, kuɗin rijistarsu daidai yake da na ɗan ƙasa saboda yarjejeniyar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, abin da ke jinkirta su tantance takardar bak ne, don haka su fara da wuri.

Abin da ya fi kayar da dosiye kuwa ba maki ba ne, suna ne. A shimfiɗa takardu huɗu a kan tabarma: ta haihuwa, ta purobatuwar (jarrabawar da ake yi shekara guda kafin bak), ta bak, da katin ɗan ƙasa. A bi su harafi-harafi da yatsa. Sai ka ga nan an rubuta Mohamadou, can Mouhamadou, ko ranar haihuwa 12 ta koma 21, ko wanda aka yi wa takardar haihuwa ta hanyar kotu shekararsa ta saɓa da ta makarantar firamare. Ma'aikacin da ke karɓa ba zai yi gardama ba, zai turo takardun ta ƙarƙashin taga ya ce na gaba. Gyaran yana bin kotu ko hukumar jarrabawa, kuma yakan ci watanni. Takardar shaidar rashin laifi da wasu konkur ke nema wata 3 kawai take aiki, wanda ya yi saurin cirowa tun farkon shekara zai sake biya. Kowane konkur kuma da iyakar shekarunsa, a karanta sanarwar shekarar da ake ciki, ba ta bara da ke manne a bango ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma inda na tsaya, shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Tibati.