Aaron Mooy, ɗan tsakiyar da na daɗe ina so

Jama'a, yau Aaron Mooy ne ya faɗo mini a rai, ɗan ƙwallon Ostireliya mai ƙwalkwalin kan nan.

Ban taɓa mantawa da wasan Huddersfield da Manchester United na Oktoban 2017 ba. Gidan kallo cike da 'yan United, kowa na jiran ruwan ƙwallaye. Sai ga Mooy na Huddersfield ya ƙwace ƙwallo a ƙafar Juan Mata na United a tsakiyar fili, ya ruga, ya miƙa wa Tom Ince. De Gea, mai tsaron ragar United, ya tare bugun Ince, ƙwallo ta dawo wa Mooy, ya zura ta a raga. Wuri ya yi tsit. Aka tashi 2-1, rabon Huddersfield da doke United tun 1952.

Abin da ke burge ni shi ne hanyar da ya biyo. Ya zo Bolton yana yaro, bai samu gurbi ba. Ya je St Mirren a Sikotilan, daga nan ya koma gida, Western Sydney Wanderers sannan Melbourne City. Da yawa in sun koma haka, shi ke nan an rufe babinsu. Shi kuwa a can ya gyara wasansa har Manchester City ta saye shi a 2016, ta ba Huddersfield aro, ya taimaka musu suka hau Firimiya.

Ba shi da gudu, wallahi, amma kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda zai kai ta.

Ya buga Kofin Duniya a 2018 da 2022, ya ɗauki kofuna uku da Celtic, sannan ya ajiye takalmi a 2023 yana ɗan shekara 32. Har yau ina ganin ya yi saurin tafiya.