An Ga Baba, Mun Gode

Salama a gare ku 'yan'uwa da abokan arziki. Ga duk wanda ya ga cigiyar da muka yi ta yaɗawa tun ranar Talata, ina sanar da ku an ga Baba. Yana gida, ya yi wanka, ya sha kunun gyaɗa, ƙafafunsa ne kawai suka kumbura saboda tafiya.

Kun san yadda mantuwa ta kama shi shekara biyu ke nan. Ranar Talata da safe Mama ta shiga kicin ɗora ruwa, kafin ta fito har ya zura takalmi ya fice. Kwana biyu muna yawo. Muka karaɗe Sabon Gari layi-layi, muka shiga Fagge, muka je Brigade da Yankaba, muka leƙa asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, aka yi mana cigiya a rediyo. Ga sanyin hunturu, ga tsoho mai shekara 78 da riga ɗaya a jikinsa. Daren Laraba ko addu'a na kasa haɗawa, sai dai in ce "Ya Ubangiji" in yi shiru.

Ranar Alhamis bayan magariba wani mai adaidaita sahu, maƙwabcin ƙanwata a Badawa, ya sauke fasinja wajen tashar jirgin ƙasa, sai ƙusa ta huda masa taya. Ya tura kekensa wurin mai faci yana ƙunƙuni, don ko kuɗin balas bai haɗa ba. Yana jira ya zauna a teburin mai shayi, sai ya ga wani tsoho a ƙarshen benci, lulluɓe da bargo, riƙe da kofi hannu bibbiyu. Ya ciro waya ya duba hoton da ƙanwata ta tura masa a WhatsApp, ya sake duban tsohon. Baba ne. Ashe tashar ya nufa, inda ya yi aikin reluwe tun yana saurayi, mu kuwa ko kusa hankalinmu bai kai can ba.

Mai shayin nan bawan Allah ne Musulmi, bai san mu ba, bai san sunan Baba ba. Dare biyu yana ba shi shayi da burodi da wainar ƙwai, ya ba shi bargonsa, ya kwantar da shi a rumfarsa, ya kuma kai rahoto wurin mai unguwa. Da na miƙa masa ɗan abin da ke hannuna sai ya ture, ya ce, "Haba Yaya, ai uban wani uban kowa ne." Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuri'a.

Tun daren nan zuciyata take komawa kan littafin Farawa sura 37 a Littafi Mai Tsarki. Yakubu ya aiki Yusufu, yaro ɗan shekara 17, daga kwarin Hebron ya dubo 'yan'uwansa a Shekem. Bai same su ba, yana ta gararamba a saura, sai wani mutum ya gan shi ya tambaye shi abin da yake nema, mutumin ya gaya masa ya ji suna cewa za su tafi Dotan. Iyakar labarin mutumin ke nan, ko sunansa ba a rubuta ba. Amma da bai tsinci wannan magana ba, da Yusufu ya koma gida, babu rijiya, babu Masar, babu rumbunan da suka ceci jama'a a yunwar shekara 7. Na sha karanta wurin nan ina wucewa da sauri don in kai ga mafarkin Fir'auna. Yanzu a kan mutumin saurar nan nake tsayawa.

Haka Rut, matar da mijinta ya rasu, ta fita kala, ƙafarta ta kai ta gonar Bo'aza, wanda daga baya ya aure ta. Haka barci ya ƙaurace wa Sarki Ahasurus dare ɗaya, aka karanta masa littafin tarihi, aka tuna da alherin Mordekai, Bayahuden da ya taɓa ceton ran sarkin, a littafin Esta da ko sau ɗaya ba a ambaci sunan Allah a ciki ba. Ni na yi ta roƙon al'ajibi mai girgiza ƙasa, Ubangiji kuwa ya aiko da ƙusa a kan titi. Na gaskata da dukan zuciyata hannunsa ne.

Godiya ga fastonmu da dattawan ikkilisiya, da matasan da suka bar aikinsu suka bi unguwanni da hoton Baba. Iyayenmu na Zumuntar Mata, ku kuka zauna da Mama, kuka yi girki, kuka lallaɓa ta har ta ci abinci. Maƙwabtanmu Musulmi da suka sa aka yi sanarwa a masallaci, mun gode ƙwarai. Mai adaidaita, ɗan'uwa, kuɗin facin nan da na balas suna wuyana, kada ka yi mini gardama.

Ranar Lahadi mai zuwa za mu yi sujadar godiya da ƙarfe 9 na safe, daga nan a wuce gida a ci tuwo. Mun ɗinka wa Baba lambar wayata a cikin aljihun kowace rigarsa. Bargon kuma Mama ta wanke, ta haɗa da sabo, gobe zan kai wa mai shi.