Haƙora uku da na hana a cire

Ƙannena, ku ke raka iyaye asibiti yanzu, shi ya sa nake so ku ji wautar da na tafka.

Da aka tabbatar ina da ciwon daji a maƙogwaro, daga Birnin Kebbi aka tura ni Sakkwato a yi mini gashi, wato a ƙona dajin da hasken na'ura. Kafin a fara aka ce sai likitan haƙori ya duba ni. Ya ɗauki hoto, ya nuna mini turame uku na ƙasa da suka yi kogo, ya ce a cire su, a jira mako 2 zuwa 3 dasashi ya warke. Na ce, "Likita, maƙogwaro ya kawo ni, ina ruwan biri da gada?" Ba sa ciwo, ga kuɗin masauki na ta tafiya. Ya yi bayani har ya gaji, na kafe.

Mako 7 ana gashin, kwana 5 kowane mako. Miyau ya ƙafe, loma ba ta wucewa sai da kurɓin ruwa, da gora nake kwana a gefen matashi. Na koma tsotsar alewa wai in jiƙa baki, ashe gobara nake zuba wa fetur, don miyau ke tsare haƙori daga ruɓewa.

Bayan wata takwas ɗaya daga cikin turamen nan ya hana ni barci. Na je wurin mai cire haƙori a kasuwa, ban ma faɗa masa an gasa ni ba. Ramin ya ƙi rufewa. Wata uku ina ganin farin ƙashi a madubi, ga warin da ya sa nake kare baki da hannu in zan yi magana. Muƙamuƙin da ya sha gashi jini ba ya isarsa sosai, in aka yi masa rauni sai ƙashin ya mutu, kuma wannan haɗari ba ya gushewa ko bayan shekaru. Sai da aka yi tiyata aka kankare.

In an rubuta wa naku gashi a kai ko wuya, ku kai shi likitan haƙori a makon, ku ware kuɗin tun a gida. In ya ƙi yadda na ƙi, ku nemo wanda yake jin nauyinsa. Bayan gashi kuma, buroshi mai taushi da man goge baki mai fuloraid safe da dare, kada kowa ya kai filaya bakinsa likitan ciwon daji bai sani ba.